Mai Keken Da Ke Rataye A Falona

Da za a ba ni rana ɗaya daga cikin kwanakina a ce in sake ta, ba zan yi dogon tunani ba. Ranar da na sa aka rushe soron babanmu ce a nan Wudil, na kuma zare hotonsa daga firam na sa nawa. Na faɗi wannan tun da farko don kada wani ya karanta labarin zuwana Damagaram ya ɗauka yawon buɗe ido na je. Gyaran ɓarna na tafi, kuma ko rabinta ban iya gyarawa ba.

Tun da na dawo mutanen majalisarmu ta bakin titi suka hana ni sakat. Wannan ya ce yaya ƙasar Faransi take, don haka muke kiran ƙetaren iyakarmu ta arewa, wancan ya ce da gaske ne an ƙwace mini mota. Duk wanda ya shiga falona kuma sai ya tsaya gaban hoton nan ya ce, "Alhaji, wane ne wannan mai keken?" Na gaji da maimaitawa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma ya isa in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Babanmu, Malam Tanko, magini ne. Da damina yana noma a Achika, da rani ya shiga Kano ya yi wa attajirai soraye. Azara ta taɓa faɗo masa tun yana saurayi, ta tafi da yatsansa na tsakiya na hannun dama, amma bai fasa sana'ar ba. Ni ne na ƙi ta. Gani nake kwaɓa ƙasa ƙazanta ce. Na yi dako, na yi kamasho a tasha, har gemuna ya yi fari ban zama komai ba. Sai ga arzikin mai ya shigo ƙasa, kowa ya zama ɗan kwangila, ni ma na zama. Ban san awon bulo ba, amma na san ƙofar ofisoshi. Na sayi tifa biyu, na je Makka, na dawo da haƙori.

Daga nan na ce mai tifa biyu ba ya zama a gidan ƙasa. Soron da Baba ya gina da hannunsa a ƙofar gidanmu, a wuni ɗaya aka sauke shi. A bangonsa akwai hoto guda, shi kaɗai ne hoton Baba a duniya, yana tsaye gaban wani gini da ya yi a Kano. Firam ɗin ne ya burge ni, na baƙin katako. Na zare hoton Baba, na sa wanda na ɗauka jingine da tifa ina washe baki don haƙorin ya fito. Na Baba na ɗora a kan tubali na ce zan dawo in ɗauka. Kafin in tuna, leburori sun kwashe ƙasar a tifata sun juye a kududdufi.

Ranar Juma'a yayata Hansai ta zo kasuwa daga Achika ta biyo.

"Garba, ina soron?"

"Yaya, ai zamani ya zo."

"Ina hoton?"

Na nuna mata firam. Ta daɗe tana kallona da tifata, sannan ta ce, "To, Allah ya bar ka da uban naka na ƙarfe." Ta juya.

Shekara biyu ba ta taka gidana ba. Na aika atamfa, na aika shinkafa 'yar waje, na aika rediyo, duk suka dawo. Bana aka ce mini yanar ido ta fara rufe mata gani. Na je Achika, ta amsa gaisuwata daga bayan labule ta ce, "Idona tafiya yake yi. Abin da nake so in gani kafin ya rufe, ka zuba shi a kududdufi."

Buba ne ya ba ni shawara, dillalin shanu a kara, abokina tun muna samari. Ya ce mai hoton da ya ɗauki Baba, Malam Isuhu, wanda ya daɗe a Fagge, ya koma garinsu Damagaram kuma yana raye. Ya ce tsofaffin masu hoto ba sa zubar da gilashin da suke wanko hoto daga jikinsa. Buba ya san hanya don can yake sayo shanu, sai ya ce zai raka ni.

Muka tashi da hantsi a sabuwar motata, ni ke tuƙi, tuƙin da na koya da furfura. Na sha babbar riga ta shadda. Firam na naɗe a bargo a kujerar baya don a yanka hoto daidai da shi. Buba ya buɗe ya ga har yanzu ni ne a ciki.

"Neman gafara za ka je, ko tallan tifa?"

Na ce don kada gilashin ya fashe ne. Gaskiyar ita ce hoton ya yi mini kyau.

Kano muka tarar da ita kamar an kifar da tukunya. Motar siminti, motar rodi, ga hon ko'ina. Da muka bi ta Fagge na rage gudu na nuna wa Buba sabon titin da aka faɗaɗa. Na ce, "Ka ga layin nan? Ni na kwashe shi bara. Kwana tara."

Ya ce, "Ka iya kwashewa, Alhaji. Wace rana za ka nuna mini wanda ka gina?"

Na taka mota har Ɗambatta. A Kazaure muka sha fura, a Daura muka yi azahar, sai iyaka.

Jami'an iyakar namu na Kwangwalam da suka ga shadda da mota suka ɗaga sanda suna "Allah ya kiyaye, Alhaji". Na ɗauka haka za a yi a gaba. Can ƙetare muka tarar da wani jandarma siriri a ƙarƙashin rumfa. Ya ce, "Mushe, lasifasen mota." Na ce mene ne shi? Buba ya ce takardar shiga da mota ce. Na zura hannu a aljihu yadda na saba a gida, Buba ya take mini ƙafa har sai da na yi ƙara. Jandarma ya ce to in ba shi katina mai hoto. Takardar haraji kawai gare ni, ita kuwa babu hoto.

Buba ya ce, "Ranka ya daɗe, yana da hoto." Ya je ya ɗauko firam.

Jandarman ya riƙe shi da hannu biyu, ya dube ni, ya dubi hoton, ya kira ɗan'uwansa. "Zo ka taya ni. Wanne ne Alhajin a ciki, mai haƙorin ko mai tayar?"

Suka yi dariya har da dukan benci. Da Buba ya gaya musu abin da ya kawo mu, sai babbansu ya daina dariya, ya ce ni in wuce, amma mota ba ta da takarda, nan za ta jira ni. Ba ƙwace ta aka yi ba, masu yaɗa wannan magana su ji.

Haka muka hau bayan babbar mota, wadda su suke kira kamyo, na zauna a kan buhunan garin rogo, tsakanin wani rago da wata dattijuwa mai fataucin kwanuka. Ƙusa ta kama shaddata ta keta ta daga aljihu har ƙasa. A Matamaye aka tsaya, yunwa ta sa na sayi burodinsu. Ba irin namu ba ne mai laushi da sukari. Dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma taurinsu ɗaya. Na gatsa da ƙarfi, na ja, sai na ji iska tana shiga inda ba ta saba shiga ba. Dattijuwar nan ta leƙa ta ce, "Alhaji, ka bar Makka a burodi." Na zare haƙorin na ƙulle a bakin rigar da ta yage.

A Damagaram fatoman Buba, wato mai masaukinsa, ya sauke mu a unguwar Zango. Da ya ji daga ƙasar Kano nake sai ya ce, "Lahiya lau, Bakano? Garin namu ka zo saye, ko aunawa kawai za ka yi?" Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Na so in rama, amma mai giɓi da yagaggiyar riga ba ya cin wasa.

Abubuwansu da yawa sun ba ni mamaki. Shayinsu sau uku ake zubawa a ɗan ƙaramin kofi. Na kurɓe na farko na miƙe, Buba ya janyo ni, wai tashi kafin na uku raini ne. Tuwon gero ake ci da miyar kuka, ba wanda ya nemi gafara don babu shinkafa, ni da a gidana na hana a kai wa baƙo tuwo. Da rana ta take kuma, gari gaba ɗaya sai ya rufe, kanti da ofis, kowa ya je ya kwanta. Na yi ta faɗa, na ce mu a Kano wa ya ga ta barci da rana. Da na rasa abokin faɗa na shiga ɗakin da aka ba mu na kwanta. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, bazara ce ana zafi kamar wuta, amma ciki sanyi kamar gindin randa. A Wudil, a daidai wannan lokacin, guduwa nake yi daga gidana na kwano in koma gindin darbejiya. Ban gaya wa Buba wannan tunanin ba.

Da la'asar muka shiga Birni, tsohuwar unguwarsu, inda har yanzu soraye ke tsaye da zanensu. Malam Isuhu ɗan tsamurmurin tsoho ne, idonsa garau. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi Kano unguwa-unguwa kamar mai tambayar 'ya'yansa. Sannan ya sa aka jawo adakoki.

Kwana uku muna zuwa zauren nan. Ban taɓa sanin Kano ba sai a Damagaram. Ga ganuwa, raƙumi da kayansa a gindinta kamar akuya. Ga Ƙofar Mata tana da ƙunci, jaki biyu ba sa wucewa tare, marina na tsaye bakin karofi. Ga lungunan Kurmi da rumfunan zana. Ga dalar gyaɗa kusa da tashar jirgi, 'yan dako na hawa da buhu a ka, wataƙila ma ina cikinsu. Har kogin Wudil akwai, mutane na jiran fito da shanunsu. Duk wanda ya ɗaga sai ya ce, "Wannan yana nan?" In ce an yi gidan mai. "Wannan fa?" An yi kanti. "Wannan?" Titi ya bi ta kai.

Ya ajiye ya ce, "Bakano, yaƙi aka yi muku ba mu ji ba?"

Na ce, "A'a, Malam. Arziki ne ya zo."

A rana ta biyu na faɗi sunan Baba. Nan take ya ce, "Tanko mai yatsa huɗu! Sai da na yi wata guda ina lallashinsa kafin ya tsaya." Zuciyata ta yi fari. Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar da yake dawowa gida adaka guda ta faɗo daga mota, gilasan ciki suka zama gari, na Baba yana cikinsu. Ya bincika sau biyu a gabana don in yarda. Fuskar Baba ta tafi ke nan, kuma ba motar ce ta tafi da ita ba, ni ne.

Na kasa cin tuwo ranar. Washegari na koma na ce ko ginin da Baba ya yi ne a ba ni, in kai wa yayata.

Ya baza hotuna a tabarma ya ce, "Ai kai ɗan magini ne. Zaɓi aikin ubanka."

Na duba na ɗauki wanda ya fi kowanne girma, mai zanko shida da zane har sama. Na ce, "Wannan ne, ko a mafarki na san shi."

"Wani Bazazzagi ne ya gina shi."

Na ɗauki wani.

"Wannan sito ne na Turawa, da siminti aka yi shi."

Buba ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki don dariya. Ni kuwa gumi kawai nake yi. Shekara nawa Baba yana gini, ban taɓa tsayawa na dubi bango ɗaya da ya yi ba.

Malam Isuhu ya jawo wata adaka dabam, ta hotunan mutane. Ya zaro guda ya miƙo mini. Wani mutum ne mai ɗan gemu, ya ƙame yana riƙe da keke. Raina ya ɓaci, na ce, "Malam, wasan ya isa haka. Wannan ba ubana ba ne."

"Na sani. Ni ma ban san ko wane ne ba, keken ma nawa ne, aro nake ba su. Dubi bayansa."

Ya ba ni ɗan gilashin da ke ƙara girman abu. A bayan mutumin katanga ce ta ƙasa, an yi mata yaɓe da hannu, sawun yatsu ya bi ta baka-baka tun daga ƙasa har sama. Ya ce in ƙirga layukan shafa ɗaya. Kowane magini layi huɗu yake bari. Wannan kuwa layi ɗaya ne, sai fili, sai layi biyu. Na gaba ma haka. Duk katangar haka.

Ya ce, "A nan nake kafa akwatina. Rana in ta fito tana kwanciya a kan yaɓen nan, ya fi labulen kanti kyau. Rabin mutanen Fagge a gaban hannun ubanka suka tsaya." Ya zaro wasu, ango da abokansa, wani tela da kekensa, wani soja. Fuskoki dabam-dabam, hannu ɗaya a bayansu.

Sannan ya yi tambayar da ya saba. "Katangar tana nan?"

Na riga na gane wurin, ga kusurwar masallaci a gefe, ga rimin da ke bayanta. Na dubi Buba. Rufin zaure yake kallo.

Na ce, "Ni na kwashe ta, Malam. Bara."

Tsohon ya jawo butar shayi. Ya zuba shayi na uku, ya miƙo mini, ya jira na shanye. Sannan ya ɗauki firam ɗina ya shiga ɗakin wanki. Da ya fito mai keke ne a ciki, an wanko shi babba yadda yaɓen zai fito sosai. Hannuna ya nufi aljihu, ya harare ni na mayar. Ya ce abu ɗaya yake so, hotona da tifa.

"Me za ka yi da shi?"

"Adaka zan sa. Wata rana wani zai zo neman kamannin waɗanda suka rushe garin."

Ya haɗa mini da ɗan gilashin, ya ce in kai wa mai ciwon ido.

Dawowa ba ta da labari sosai. Motar na tarar awaki sun mai da ita inuwa, batir ya mutu, jandarman nan da ɗan'uwansa ne suka tura ni. Ban tsaya Wudil ba, na zarce Achika.

Yaya na zaune a bakin ƙofar ɗakinta inda haske yake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ban yi kwana-kwana ba, na ce hoton Baba ya fashe, ba za a ƙara samunsa ba. Na ce katangarsa ta Fagge ma ni na kwashe. Sannan na miƙa mata firam.

Ta kai shi dab da fuskarta. "Wannan kuma wane ne? Wani uban ka sake samo mana?"

"Dubi bayansa, Yaya."

Na sa mata gilashin a hannu. Ta daɗe. Kaji suna ta kai-kawo a tsakar gida, ni ina durƙushe gwiwata na zafi. Can sai ta ajiye gilashin, ta lanƙwashe yatsanta na tsakiya, ta ɗora sauran a kan hoton ta bi sawun a hankali.

Ta ce, "Haka yake shafa mini kai in ya dawo daga birni. Ko ina barci nakan san shi ne."

Ba ta ce in tashi ba. Da ƙafata ta mutu na miƙe da kaina na yi sallama, na bar mata hoton. Na dawo gida ban san matsayina ba.

Ranar Juma'a ina gindin darbejiya sai ga ta da firam naɗe a zane. Ta wuce ni ta shiga gidan da ta yi shekara biyu ba ta taka ba. Na bi ta da sauri takalmi ɗaya a ƙafa.

Ta ce, "Ɗakina akwai gara. Ka kafa ƙusa a nan, sama, inda hannunka ba ya kaiwa sai da kujera. Ba kyauta na ba ka ba, Garba. Duk Juma'a zan zo in duba ko yana nan. Ranar da idon ya ƙare, zan shafa."

Na ce to, Yaya.

Ta dubi silin, ta yi fifita da bakin mayafi. "Gidan naka kamar tanda. A shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa. In akwai tuwo zan ci, ban son shinkafar nan taka."

Ta ci. Juma'a huɗu ke nan ba ta fasa ba.

To, jama'ar majalisa, wanda ya ƙara tambayata wane ne mai keken, gilashi zan miƙa masa in ce ya dubi bayansa. Roƙona kuma ɗaya ne, musamman ga masu sababbin tifofi irina. Kafin ka sa diga a bangon gidanku, ka tsaya ka dube shi, ka tambayi manya hannun wa ke jikinsa. In rushewar ta zama dole, ka kira mai hoto tukuna. Hoton tsoho kuma ka bar shi a firam ɗinsa, naka ka saya masa wani. Don Allah kada ku yi abin da na yi. Yayata ta samu yatsu uku na babanmu. Fuskarsa tana kududdufi, kuma tifata ce ta kai ta.